Kwalbar man zaitun da ke kan kantar Gwaggo

Tun bayan ƙaramar salla akwai wata koriyar kwalba a kan kantar Gwaggona, a tsakanin jeren samira da fitilar caji. Ɗanta da ke aiki a Kano ne ya aiko da ita ta hannun direban motar kasuwa, bayan an auna ta a asibitin sha-ka-tafi an ce jininta ya hau. Saƙon da ya biyo kwalbar gajere ne: daga yau a daina sa mata man gyaɗa a abinci, man zaitun kaɗai za ta riƙa ci, haka ya ga ana ta faɗa a waya.

Gwaggo ta karɓa ta sa albarka, sannan ta tambayi direban nawa ake sayar da irinta a birni. Da ya faɗa mata sai ta yi salati, ta ce wannan ai ya fi ƙarfin tukunyar miya. Daga ranar ta ɗauki rabin umarnin ta bar rabi. Man gyaɗa dai ta daina shi fafur. Kwalbar kuwa sai dare ya yi take sauko da ita, ta yi bisimilla, ta ɗiga a tafin hannu ta murza a gwiwa, ta mayar da murfin ta ɗaure da leda. Miyar kukarta ta koma lami, jikarta da ke yi mata girki ta rasa dabara, sai ta riƙa ƙara dunƙulen magi da ɗan gishiri don tuwon ya wuce. Kwaɗon zogalen da ta saba ci da hantsi shekara da shekaru ma ta ajiye shi.

Na je gaishe ta wata Juma'a na tarar da kwanon zogale a gefe an dafa ba a haɗa ba.

"Gwaggo, wa ya hana ki ƙuli kuma?"

"Ke 'yar nan, mai da ƙuli ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. In an raba ka da wa, an raba ka da ƙane."

Na yi dariya, amma da na fito sai abin ya tsaya mini a rai. Ga tsohuwa mai hawan jini, an yi mata hidima da kuɗi masu yawa da kyakkyawar niyya, sakamakon kuma shi ne ta bar ganye, ta bar mai, ta ƙara gishiri. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin awon jini ya san wanne ne a cikin ukun nan ke tayar da jini. An bar jaki ana dukan taiki.

Kada a ɗauka ina gaba da man zaitun. Wane ni. Allah Ya yi rantsuwa da zaitun a farkon Suratut Tin, Ya kira bishiyarsa mai albarka a Suratun Nur, kuma akwai hadisi a littafin Tirmizi da ke umarni a ci man a kuma shafa shi. Abin da ma ya fi jan hankalina shi ne aya ta 20 a Suratul Mu'minun, inda aka ambaci bishiyar da ke fitowa daga Dutsen Sina tana ba da mai da mahaɗin abinci ga masu ci. Mahaɗi, wato abin da ake dangwala gurasa a ciki. Mu a nan mun riƙe shafawar mun manta da cin, shi ya sa mazaunin man zaitun a garuruwanmu shi ne kantin magungunan Musulunci, kusa da habbatus sauda da zuma, a 'yan ƙananan kwalabe. A Falasɗinu da Tunisiya da Girka kuwa a madafa yake zama, matsayinsa a wurinsu matsayin man ƙuli ne a wurinmu. Da shi ake soya albasa, shi ake yaryaɗawa a kan dafaffen wake, shi ake zubawa a saman miyar ganye bayan an sauke.

Masu binciken lafiya ma ba ƙarya suka yi masa ba. Tun 1958 wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, ya fara wani dogon bincike a ƙasashe bakwai, aka ga manoman tsibirin Kirit na ƙasar Girka suna cin mai sosai amma ciwon zuciya bai cika kama su ba. Daga baya a Sifaniya aka yi gwajin da ake kira PREDIMED a kan mutum 7,447 masu shekara 55 zuwa 80, aka fitar da sakamakon a 2013, aka gyara shi aka sake fitarwa a 2018. Waɗanda aka ba man zaitun na tatsar farko, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun ragu a cikinsu da kusan kashi 30 cikin 100 in aka gwada da waɗanda aka ce su rage maiƙo kawai. Wannan shi ne labarin da ya zagaya duniya har ya iso wayar ɗan Gwaggo, sai dai ya iso da gutsure. Ba a gaya masa cewa akwai rukuni na uku da aka ba giram 30 na 'ya'yan itace masu mai, dangin almon, a kullum, kuma su ma sun sami ragi kusan irin wancan. Ba a kuma gaya masa abin da ke cikin kwanon da ake zuba man a kai ba: wake, ganye, tumatir, albasa, kifi, hatsin da ba a cashe shi ya yi fari tas ba, nama kuwa sai jefi-jefi.

Karanta jerin nan a hankali ka ce mini abincin wa ya tuna maka. Ni dai abincin kakata ya tuna mini. Ɗanwake da mai da yaji. Dambun zogale. Wake da alayyahu. Miyar taushe da kabewa da yakuwa. Tuwon dawa ko na gero da miyar kuɓewa da busasshen kifin Haɗeja. Sai uwa uba kwaɗo, wanda shi ne salak ɗinmu tun kafin latas da kabeji su zo gari: kwaɗon rama, na zogale, na tafasa, na yaɗiya, na lansir idan sanyi ya shigo. A dafa ganye a matse, a yanka albasa da tumatir, a barbaɗa garin ƙuli da yaji, a kawo cokali ɗaya na mai a yaryaɗa, a cakuɗa da hannu. Matar ƙauye a Girka in ta ga wannan kwanon za ta gane shi, domin ita ma dafaffen ganyen daji take ci da mai da lemon tsami. Abin da ya raba mu da ita shi ne nata man daga bishiyar bayan gidanta yake, namu daga gonar bayan gari.

To shi man gyaɗar, mene ne laifinsa? Abin da likitoci ke gudu a cikin mai shi ne kitse mai daskarewa, wanda yawansa ke ƙara kwalastarol a jini. A man zaitun wannan kitsen wajen kashi 14 ne cikin 100. A man gyaɗa bai kai kashi 20 ba. Man riɗi kusan kai ɗaya yake da na zaitun. Manja kuwa wajen rabinsa ne, man shanu ya haura haka, shi ya sa kake ganin su sun yi tauri a kwalba da sanyin hunturu sai an kara su a bakin murhu. Sinadarin oleyik da ake yabon zaitun saboda shi, wanda ya kai kashi 70 a cikinsa, shi ne kuma mafi yawa a man gyaɗa, wajen rabi. Inda zaitun ya yi zarra shi ne wasu sinadarai da ke cikin na tatsar farko, masu ɗan ɗaci da ƙaiƙayi a maƙogwaro, waɗanda ke kare jijiyoyin jini. Wannan fifiko ne na gaske, ban musa ba. Amma tazarar da ke tsakaninsu tazarar wa da ƙane ce, ba ta kai a ce wa tsohuwa ɗaya magani ne ɗaya guba ba. Kuma ga mai ƙiba ko mai ciwon suga, babban cokali ɗaya na kowannensu kalori wajen 120 ne. Wanda ya malala man zaitun a shinkafa don an ce masa na lafiya ne, tumbinsa ba zai tambayi sunan man ba.

Sai maganar kuɗi, wadda masu ba da shawara a waya suke tsallakewa kamar ba ta nan. Zaitun bishiya ce ta gaɓar Bahar Rum, tana son hunturu mai sanyi da ruwa, da bazara mai bushewa. Namu hunturun ƙura ne da iska. Don haka kowace kwalba ta ƙetaro teku ne, da kuɗin waje aka sayo ta. Sifaniya ce kan gaba a duniya wajen tatsar man, sai irin su Italiya, Girka, Turkiyya da Tunisiya. A kakar 2022 zuwa 2023 fari da zafi suka cinye kusan rabin abin da Sifaniya ta saba samu, farashi ya yi tashin da ba a taɓa gani ba har su Turawan suka koka. A Yunin 2023 kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kowa ya san abin da ya biyo baya. Kuɗin da ɗan Gwaggo ya ba da a kan kwalba ɗaya, da ya aiko su a hannu, da sun sayi man gyaɗar wata da watanni, da ragowar na kifi da tumatir. Gaya wa mai sayen mai a ludayi ko a ƙullin leda cewa lafiyarsa tana cikin kwalbar da ba zai iya saya ba, daidai yake da gaya masa ya haƙura da lafiyar.

Kuma ko a cikin masu iya saya, nawa ne suka san abin da suka saya? Man zaitun hawa-hawa ne. Akwai na tatsar farko, wanda ake matse ɗanyun 'ya'yan da inji ba tare da an zafafa su ba, shi ne ake rubuta wa Extra Virgin a jikin kwalba, kuma a kansa aka yi gwajin Sifaniya. Akwai wanda aka tace a masana'anta har ƙamshi da ɗacin suka tafi. Akwai kuma na can ƙasa, mai rubutun Pomace, wanda daga tunkuzar da ta rage ake janyo shi da sinadari. Abu mai tsada kuma ba ya rasa 'yan jabu, ko a Turai ana kama masu gauraya shi da mai mai arha. Haske da zafi suna lalata shi, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu. Wanda ka gani a farar roba a kan tebur, rana tana dukansa tun safe a tashar mota, mai lasifika yana rantsuwa yana maganin hawan jini da suga da aljanu da rashin haihuwa, Allah kaɗai Ya san me ke ciki. Abin da ya fi tayar mini da hankali da masu lasifikar nan shi ne mutanen da ke ajiye ƙwayar asibiti saboda maganarsu. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum.

Yanzu bari in juyo kan namu, don in na tsaya a yabo na yi son kai. Na tashi a gidan da ake yin ƙuli. Na san ƙamshin gyaɗa a kasko da asuba, na san murza da fecewa, na san ɗaukar bokiti zuwa inji a dawo da markaɗe mai santsi. Na san yadda Inna ke zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan a turmi tana juyawa da taɓarya har tunkuzar ta haɗe ta saki, man ya taso sama yana ƙyalli, a kwalfe shi da ludayi, a matse ragowar, a mulmula ƙuli a soya shi a cikin man da ya fito daga jikinsa. Babu wani sinadari a wannan aikin, ruwan zafi ne da ƙarfin damtse. Amma na kuma san abin da ake yi da gyaɗar da ta yi baƙi, ko ta yamushe, ko ta yi fumfuna don an tara ta da laima. Ba a zubarwa. Ita ce mai arha a kasuwa, kuma sau da yawa ita ke tafiya inji, tunda in an markaɗe ba mai ganewa.

A cikin irin wannan gyaɗar ne ake samun dafin da ake kira afalatoksin. An gano shi ne bayan 1960, lokacin da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. Yana jawo kansar hanta, ya fi kuma yin ɓarna ga wanda dama yake ɗauke da ciwon hanta nau'in B, suya kuma ba ta kashe shi. Mafi yawansa a tunkuza yake zama, wato a ƙulin da muke ba yara su tafi makaranta da shi, wani kuma yana bin man da ba a tace ba. In akwai abin tsoro a man gyaɗa, to wannan ne, kuma maganinsa ba ya cikin kwalbar Sifaniya. Maganinsa a cire gyaɗa a kan lokaci, a shanya ta a kan tabarma ko leda har ta bushe ƙayau, a ajiye buhu a kan katako, a zauna a tsince miyagun ƙwayoyi kafin a kai inji. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ma ta samar da wani abu mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona don rage dafin tun daga ƙasa. Manoma nawa ne a tsakanin Ringim da Taura suka taɓa ganin malamin gona ya zo musu da wannan maganar?

Laifi na biyu shi ne kaskon da ba a sauke masa mai. Je ka wurin mai ƙosai ko mai awara ko mai soya kifi a bakin kasuwar Gujungu ka leƙa. Man jiya ne aka ƙara masa na yau, na jiyan ma a kan na shekaranjiya aka zuba shi, ya yi baƙi ya yi kauri yana hayaƙi. Mai in ya sha wuta sau da yawa lalacewa yake, ko na gyaɗa ne ko na zaitun. Na uku shi ne farin man jarka da ake aunawa a kwalba, ba suna ba lamba, wani har ana ɗiga masa ɗan man ƙuli don ƙamshi a sayar da shi da sunan na gyaɗa. Tun 2002 doka ta wajabta a sa bitamin A a man girkin da kamfanoni ke sayarwa a Najeriya, amma wanda aka juye daga durom zuwa jarka zuwa kwalba, wa zai ce maka daga ina ya fito? Na huɗu, wanda ya fi su duka kusa da Gwaggo, gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Dunƙulen magi kuwa wajen rabinsa gishiri ne. Iyayenmu da daddawa da citta da kanumfari da busasshen kifi suke ɗaga miya. Yau yarinya in ba ta ɓare dunƙule huɗu ba gani take ba ta yi girki ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu ne za a zo a koya wa darajar mai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cikin 'yan shekaru gyaɗarmu ta fara tafiya Turai ana tatsar mai da ita. Dalar gyaɗar da ake dangantawa da Alhassan Ɗantata ba a birni kaɗai ta tsaya ba, an yi ta a Malam Madori da Bebeji da Dawakin Kudu. Farin farkon shekarun 1970 da kuturtar gyaɗa ta 1975 da kuɗin fetur suka haɗu suka rushe ta. Yau kuma riɗi ne. Manomin Gumel da Maigatari da Gagarawa ya noma, a loda a kai Dawanau, daga can sai tashar jirgin ruwa, ya tafi Japan da Sin da Turkiyya a tatse shi a zuba a kwalba mai kyau. Mu abin da ya rage mana shi ne kantu da ɗan na miya. Man da kitsensa mai daskarewa bai fi na zaitun ba yana fita daga gonakinmu a buhu, mu kuma muna aika wa iyayenmu man wata ƙasa su shafa a gwiwa.

Da ni ake tambaya, da na ce ma'aikatan lafiya na karkara da masu shirin lafiya a rediyo su riƙa ba da shawara da abin da ke cikin kasuwar ƙauye. Kalmar "a daina mai" ba shawara ba ce, tsohuwa za ta fassara ta yadda ta fahimta. A ce mata cokali nawa. A ce mata ta rage man shanu da manja ba sai ta yi gaba da su ba, ta raba dunƙule biyu ta mayar da daddawa, ta ci ganye kullum da ɗan mai a kai, domin bitamin A da ke cikin zogale sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukarsa sosai. Da kuma na ce gwamnatocin Kano da Jigawa, maimakon rabon kekunan ɗinki duk shekara, su dubi matan da ke yin ƙuli a cikin gidaje, su ba su wurin shanya mai tsabta da ƙananan injinan matsa, a koya musu tsince gyaɗa, a riƙa gwada abin da suka yi, a zuba shi a kwalba mai murfi da lambar NAFDAC. Mai hali kuma da yake son man zaitun, ya saya, halalinsa ne, amma ya duba rubutun jikin kwalbar, ya kuma ci shi a abinci yadda masu shi ke ci.

Ranar da na koma wurin Gwaggo na tafi da ƙullin garin ƙulin da na tsince gyaɗarsa da hannuna. Na sa jikarta ta tafasa zogale, na yanka albasa da tumatir biyu, na sauko da koriyar kwalbar daga kanta. Gwaggo ta zaro ido.

"Ke, maganin nawa za ki zuba a kwaɗo?"

"Cokali ɗaya ne, Gwaggo. Cewa aka yi a ci a shafa, ke kin tsaya a shafawa."

Ta kai loma ɗaya ta tauna a hankali, ta ɗan yamutsa fuska. Ta ce yana da wani ƙamshi kamar ɗanyar ciyawa, kuma yana kama maƙoshi. Ta sake kai ta biyu, ta uku. Da ta kusa cinyewa sai ta ture kwanon gabana ta ce gobe in za a yi, a sa mata na ƙuli, wannan a mayar mata da shi inda yake, gwiwar ta fara jin daɗinsa.